Ɗan Wasan Baya Mai Kulob Tara: Korarsa Ake Yi Ko Nemansa Ake Yi?

"Assalamu alaikum, Koci. Gardama ce ta kaure a majalisarmu a kan wani tsohon ɗan wasan bayan Wales mai suna Sam Ricketts. Wani ya buɗo tarihinsa a waya, muka ga ya taka leda a ƙungiyoyi har tara, kuma wai ya buga wa ƙasarsa wasa 52. Ni na ce duk ɗan wasan da yake yawo haka kamar ɗan ci-rani, korarsa ake yi don bai iya ba. Abokina ya ce sam ba haka ba ne. Wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, an ce ɗan Wales ne, amma kusan duk kulob ɗin nasa na Ingila ne. Don Allah a warware mana." Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayar taka guda uku ce a dunƙule: ko yawan sauya sheƙa alama ce ta rashin iyawa, me ya kai ɗan Wales ƙare rayuwarsa a filayen Ingila, sannan yaya aka yi mutumin da ba tauraro ba ya sa rigar ƙasa sau 52. Zan faɗa maka tun yanzu cewa a kan Ricketts abokinka ne da gaskiya. Amma kai ma ba ka faɗi a banza ba, domin akwai 'yan wasan da yawonsu gangara ce zalla. Abin da ya rage shi ne ka san yadda ake bambance biyun, kuma jerin sunayen kulob kaɗai ba ya nuna wannan. Sai ka bi kowace tafiya ka tambayi dalilinta.

Yadda Wales take da Ingila a ƙwallo

Wales ƙasa ce a cikin Birtaniya, mutanenta sun ɗan haura miliyan 3. Tana da hukumar ƙwallonta tun 1876, ita ce ta uku a tsufa a duniya bayan ta Ingila da ta Scotland, don haka tana da tawagar ƙasa tata ta kanta. Sai dai ba ta samu gasar lig ta ƙasa baki ɗaya ba sai 1992. Kafin nan manyan ƙungiyoyinta sun daɗe da shiga tsarin Ingila, kuma ba su fita ba. Cardiff City, Swansea City, Wrexham da Newport County duk a ƙasar Wales suke zaune, amma a gasannin Ingila suke fafatawa. Lig ɗin cikin gida kuwa, mafi yawan 'yan wasansa suna haɗa ƙwallo da wata sana'a. Saboda haka yaron da yake so ya ci abinci da ƙwallo kaɗai, hanyarsa ɗaya ce, ya shiga tsanin Ingila.

Tsanin nan shi ne ginshiƙin labarin gaba ɗaya. A sama akwai Firimiya mai ƙungiya 20, wadda muke kallo a gidajen kallo. Ƙarƙashinta Championship, sai League One, sai League Two, kowanne da ƙungiya 24. Jimilla 92 ke nan. Ƙarƙashinsu kuma akwai mataki na biyar, wanda a zamanin Ricketts ake kira Conference, yanzu National League. A matakan ƙasan nan wasa 46 ake bugawa a kaka, ban da na kofuna, sau da yawa Asabar da Talata, cikin sanyi da ruwan sama. Kwantiragi yawanci shekara ɗaya ne ko biyu. Duk watan Mayu kowane kulob yana fitar da sunayen waɗanda zai riƙe da waɗanda ya sallama, kuma tun bayan hukuncin Bosman da kotun Turai ta yanke a 1995 ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya kyauta. A irin wannan kasuwa, mutumin da ya yi shekara 16 yana wasa zai yi wuya ya tsaya a gida ɗaya ko biyu.

Shi Ricketts ma a Ingila aka haife shi, a garin Aylesbury, ranar 11 ga Oktoba 1981. Ta wajen kakarsa ya cancanci buga wa Wales. Gidansu gidan dawaki ne: mahaifinsa Derek Ricketts yana cikin tawagar Birtaniya da ta ci gasar duniya ta tsallake shinge da doki a 1978, kawunsa John Francome kuma shahararren mahayin sukuwa ne da ya zama zakara sau 7. Yaron ya bar sirdi ya kama ƙwallo.

Faɗuwar farko

A Oxford United ya fara, ya shiga babbar tawaga a 2000. Bai samu gurbin dindindin ba, aka ba da shi aro ga Nuneaton Borough, a 2003 kuma aka sallame shi yana da shekara 21. A nan kam maganarka ta "korarsa aka yi" ta zauna daidai. Kuma a nan ne mafi yawan yara suke ɓacewa. Wanda aka sallama yana da 21 daga ƙungiyar mataki na huɗu, a idon 'yan kasuwar ƙwallo ya gama. Da yawa sukan ƙi sauka ƙasa saboda kunya, su zauna jiran kiran da ba zai zo ba, har ƙafa ta yi sanyi.

Ricketts ya sauka. Ya tafi Telford United a mataki na biyar, wajen lig ɗin ƙwararru gaba ɗaya. A wannan kaka ta 2003 zuwa 2004 Telford ta ba da mamaki a Kofin FA, ta fitar da Brentford da Crewe Alexandra waɗanda suke sama da ita, ta kai zagaye na huɗu kafin Millwall ta tsayar da ita. Irin waɗannan wasanni su ne tagar ɗan ƙaramin kulob, domin ranar ce masu farautar 'yan wasa suke zuwa da littafinsu. Har an kira shi tawagar Ingila ta 'yan ƙananan ƙungiyoyi. Sai kuma ƙasa ta tsage a ƙarƙashinsa: kasuwancin mai kulob ɗin ya durƙushe, Telford United ta rushe a 2004, magoya baya suka kafa sabuwa daga tushe. To ka ga tafiya ta biyu, ba wanda ya kore shi. Gidan ne ya faɗi da kowa a ciki.

Ina so ka tsaya a kan shekarar Telford ɗin nan, don ita ce ta yi shi. Ɗan baya ba ya koyon sana'arsa a benci, ba ya kuma koyonta a wasan matasa inda ba a damu da sakamako ba. Yana koyonta ne ranar da ƙaton ɗan gaba mai shekara 32, wanda kuɗin hayar gidansa ya dogara da garaɓasar nasara, ya dasa masa gwiwar hannu a haƙarƙari minti 90. Na daɗe ina horar da matasa, kuma abin da nake gani kullum shi ne yaron da ya buga wasa 30 na gaske a ƙaramar ƙungiya yana wuce wanda ya shekara yana ɗaukar jaka a babba. Idan iyaye suka zo mini da zaɓi biyu, babban suna ba wasa ko ƙaramin suna da wasa duk mako, ga ɗan baya na biyun nake nuna musu ba tare da jinkiri ba.

Shekara huɗu daga mataki na biyar zuwa Firimiya

Kenny Jackett, kocin Swansea City a lokacin, shi ya ɗauke shi a 2004. Riƙe sunan nan, zai dawo. Swansea tana League Two, kuma kakar ce ta ƙarshe a tsohon filinsu Vetch Field. Suka ƙare na uku suka haura, 'yan wasan rukunin kuma suka zaɓi Ricketts cikin gwanaye 11 na shekara. A Fabrairun 2005, ƙasa da shekara guda bayan rushewar Telford, John Toshack ya sa shi a wasan Wales da Hungary, wanda Wales ta ci 2-0. Kaka ta gaba Swansea ta ɗauki kofin ƙananan ƙungiyoyin lig bayan doke Carlisle 2-1, inda Lee Trundle da Adebayo Akinfenwa suka ci ƙwallayen. Ta kuma kai wasan ƙarshe na cike gurbin hawa Championship. Ricketts ne ya farke musu ƙwallo ana dab da tashi a karon farko na wasan kusa da ƙarshe da Brentford, amma a wasan ƙarshe Barnsley ta fitar da su a bugun fenareti.

Swansea ba ta hau ba, shi ya hau. Hull City ta Championship ta biya fam 300,000 ta saye shi a 2006. Wannan tafiya ta uku saye ne, kuma ba a zuba kuɗi a kan wanda bai iya ba. Kakar farko da ƙyar Hull ta tsira, ta ƙare ta 21. Ta biyu, ƙarƙashin Phil Brown, ta ƙare ta uku, kuma a wannan kakar ce Jay-Jay Okocha ya sa rigar Hull, don haka ɗakin sauya kaya ɗaya suka zauna da Ricketts. Ranar 24 ga Mayu 2008 a Wembley, Dean Windass ya ci ƙwallo ɗaya tilo a ragar Bristol City, Hull ta shiga babban rukunin Ingila karon farko cikin shekara 104 da kafuwarta. Ricketts ne lamba biyunsu a ranar, wato ɗan bayan gefen dama.

Masu kallon Firimiya na wancan lokaci za su tuna yadda Hull ta shigo da zafi, har ta je Emirates ta doke Arsenal 2-1. Daga baya nasara ta yi musu wuya ƙwarai, suka tsira da maki 35, maki ɗaya tak a kan Newcastle da ta faɗi. A 2009 Bolton Wanderers, wadda ta fi Hull kafuwa a Firimiya, ta saye shi. A can ya tarar da Danny Shittu. Lissafa da kanka: wanda yake mataki na biyar a farkon 2004 yana tare 'yan gaban Firimiya a Agustan 2008. Kulob huɗu ya ratsa kafin ya kai, kuma ba don ya ratsa su ba da bai kai ba.

Abin da koci yake saye a wurin irin wannan ɗan wasa

Ricketts ba shi da gudun da za a yi labari, ba ya cin ƙwallaye, ba ya yanka. To me ake biya? Da farko, gurbi uku yake riƙewa. Ɗan ƙafar dama ne, amma ya yi wasa da yawa a lamba uku, wato bayan gefen hagu, ya yi a lamba biyu, in an matsu kuma ya shiga tsakiyar baya. A shekarun da yake ƙananan rukunai, mutum biyar kawai ake rubutawa a benci, uku ake sakawa. Firimiya ma sai 2008 ta ƙara benci zuwa bakwai. Koci mai ƙaramin kasafi, idan ya samu mutum ɗaya da zai toshe ƙofa uku, ya huta da albashin mutum biyu, ya kuma samu sararin ajiye ƙarin ɗan gaba a benci.

Kada ka ɗauka komawa hagu ga ɗan dama abu ne mai sauƙi. Ga yadda abin yake a fili. Ɗan dama da aka ajiye a lamba uku, idan ɗan bayan tsakiya ya turo masa ƙwallo, jikinsa yana so ya tare ta da dama, wato ya juya fuskarsa cikin fili, ya ba layi baya. Da ya yi haka ya rufe wa kansa hanya, ɗan gefen abokan hamayya ya taso masa, ba abin da ya rage sai ya mayar wa gola. Abin da nake sa yarana su maimaita har su gaji shi ne su ja baya taku biyu kafin ƙwallon ta iso, su buɗe kafaɗa, su bar ta ta ratsa gabansu su tare da cikin ƙafar hagu, ko da ba za su iya ba da dogon fasin da ita ba. Taɓawar farkon nan kaɗai ake nema daga hagun. Yaro yakan yi wata biyu yana jin kamar an ɗaure masa ƙafa. A wajen tsaro kuma akwai riba: ɗan gefen da yake son yankowa ciki ya buga da hagu, kai tsaye yake faɗowa kan ƙafarka mai ƙarfi. Na ga yaron da aka ɗauka a gwaji aka bar waɗanda suka fi shi gwaninta, dalili ɗaya, an tambayi wa zai iya riƙe hagu ya ɗaga hannu, kuma ya riƙe.

Na biyu shi ne amana. Ɗan gaba zai iya ɓata dama tara ya ci ta goma a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan baya zai iya yin daidai sau tara, ya yi kuskure a ta goma a manta da taran. Don haka abin da koci yake nema a baya shi ne mutumin da ya san abin da zai samu daga gare shi duk Asabar: ba zai bar ɗan gefe ya wuce ta bayansa don ya tafi kallon ƙwallo ba, zai daidaita layi da sauran ukun a tarkon satar gida, zai bi mutuminsa a bugun kwana, zai yi magana. Wannan ba ya fitowa a bidiyon gwaninta na minti uku. Ni ma a talabijin na kalli Ricketts, kuma kyamara ƙwallo take bi, alhali rabin aikin ɗan baya yana can inda ƙwallon ba ta. Shi ya sa a kan irin waɗannan 'yan wasa na fi dogara da shaidar da kociyoyi suka bayar da aikinsu: wa suka saka, wa suka ba kyaftin, wa suka sake nema.

Rauni, faɗuwa, da kiran tsohon maigida

A Fabrairun 2011 jijiyar agararsa ta tsinke a wasan Kofin FA da Wigan. Ga ɗan baya mai shekara 29 wannan rauni ne da yake iya rufe littafi, domin juyawa da tashi sama duk a kan agara suke. Ya yi kusan wata goma yana jinya, ya dawo ranar 31 ga Disamba a wasa da Wolves, ya kuma ci ƙwallo a ranar. Amma kakar ta zo wa Bolton da nauyi. A cikinta ne Fabrice Muamba ya yanke jiki ya faɗi a filin Tottenham a watan Maris 2012, a ranar ƙarshe kuma suka yi 2-2 da Stoke suka faɗi daga Firimiya, ranar da kowa yake kallon ƙwallon Aguero a Manchester.

Faɗuwa daga Firimiya tana sauya lissafin kulob gaba ɗaya. Kuɗin talabijin ya ragu sosai, sai a fara duba masu shekara sama da 30 da albashin babban rukuni. Ricketts ya yi kaka ɗaya da su a Championship, a 2013 suka rabu.

Wanda ya kira shi Kenny Jackett ne, mutumin da ya tsamo shi daga ɓaraguzan Telford shekara tara baya. Jackett ya karɓi Wolves a lokacin da ta faɗi sau biyu a jere, daga Firimiya zuwa League One, ɗakin sauya kaya cike da masu babban albashi da karyayyar zuciya, magoya baya kuma sun juya musu baya. Yana cikin mutanen farko da ya kawo, kuma ya ɗaura masa kyaftin. A takarda Ricketts ya sauka mataki guda. A fili kuwa, Wolves ta ci wasa 31 cikin 46, ta haɗa maki 103 wanda a lokacin ba a taɓa yi ba a rukunin, ƙwallo 31 kacal aka zura mata. Carl Ikeme, wanda daga baya ya tsare wa Najeriya raga, shi ne a bayansu. An sake zaɓen Ricketts cikin gwanayen shekara yana da 32. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma koci da aikinsa yake kan siraɗi ba ya kiran mutum don zumunci. A wurina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan gardamarku. Wanda ya san ka ciki da waje, ya ga atisayenka na safiyar Litinin bayan an sha kashi, in ya sake nemanka bayan shekara tara ya ba ka ragamar ɗakinsa, ya gama ba da shaida.

Daga nan shekaru suka fara karɓar nasu. Da Wolves ta koma Championship, matasa irin su Dominic Iorfa, ɗan tsohon ɗan wasan Najeriya mai wannan suna, suka karɓe gefen dama. Ya tafi aro Swindon Town a 2015, ya taimaka musu har wasan ƙarshe na cike gurbi a Wembley, inda Preston ta lallasa su 4-0. Sai Coventry City ƙarƙashin Tony Mowbray, nan ma kyaftin. A Nuwamban 2016 gwiwa ta ce ya isa, ya rataye takalmi yana da shekara 35.

Inda maganarka take da ƙafa

Ga wani ɗan bayan Wales na zamani ɗaya, Richard Duffy, haifaffen Swansea a 1985. Shi ta sama ya fara. Yana da shekara 18 Portsmouth ta Harry Redknapp ta saye shi daga Swansea a Janairun 2004, ya tsinci kansa a Firimiya tun bai gama girma ba. Shekara biyar yana kan littafinsu, wasan lig ɗaya ya buga musu. Sauran lokacin aro ne: Burnley, Coventry har sau da dama, Swansea. Daga nan Millwall, Exeter City, Port Vale, Notts County, har ya gangara ƙananan ƙungiyoyi. Ya buga wa Wales wasa 13, dukansu kafin ya cika 24.

Idan ka ajiye jerin Duffy kusa da na Ricketts, tsawonsu kusan ɗaya, amma ɗaya hawa yake ɗaya sauka. Duk da haka ba zan ce Duffy bai iya ba. Wanda bai iya ba ba ya shekara 15 ana biyansa albashi a cikin ƙungiyoyi 92 ɗin nan, inda duk bazara ɗaruruwan matasa suke fitowa neman gurbinsa. Ya yi shekara uku a Exeter, huɗu a Port Vale, ya kuma hau League One da su a 2013. Abin da labarinsa yake nunawa shi ne illar tafiya babban gida da wuri. Shekarun da ya kamata ya kafu a wuri ɗaya, ya yi su yana sabon koci, sabon tsari, sabon abokin tsaro duk bayan 'yan watanni. Ɗan gaba yana iya zuwa aro ya ci ƙwallo biyar ya yi suna. Ɗan baya sai ya san numfashin na kusa da shi, kuma wannan ba ya samuwa a wata uku.

Akwai kuma kashi na uku da ba zan ɓoye maka ba: masu yawo saboda hali. Rigima da koci, makara, rashin kula da jiki. Su ma jerinsu yana da tsawo. Alamar da nake dubawa ita ce yawan wasa a kowane wuri. Idan ka ga kulob tara amma ko'ina wasa 8, 11, 5, kuma ba labarin rauni, to da walakin. Idan ka ga ko'ina ya haura wasa 35 a kaka, an ba shi kyaftin a wurare biyu, an biya kuɗi an saye shi sau biyu, wannan nemansa ake yi. Ricketts ya yi shekara biyu a Swansea, uku a Hull, huɗu a Bolton, biyu a Wolves. Wannan ba zaman wanda ake gudu ba ne. Sai dai lambobi ba sa faɗin abin da ya faru a ofis tsakanin ɗan wasa da shugaban kulob, don haka ko da wannan ma'auni a yi hattara da yanke wa mutum hukunci daga nesa.

Batun wasa 52

Ƙasa mai mutum miliyan 3 ba ta da 'yan baya goma a manyan ƙungiyoyi da za ta zaɓa. Takan samu taurari biyu ko uku a zamani guda, Giggs da Bellamy, daga baya Bale da Ramsey, sauran gurabe kuma irin su Ricketts ne suke cike su. Toshack ya karɓi tawagar ne a lokacin da manya da yawa suke ajiye rigar ƙasa, ya koma neman matasa da 'yan ƙananan rukunai. Mutumin da zai riƙe dama ko hagu, zai amsa kira zuwa wasan sada zumunta a tsakiyar mako a wata ƙasa mai nisa, ba zai ƙirƙiro ciwon cinya don ya huta ba, dole ya tara wasanni. Ya yi wa Toshack, ya yi wa Gary Speed, ya yi wa Chris Coleman, daga 2005 zuwa 2014, bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, ba kuma don ita ake kiransa ba.

Shekarun nasa su ne na wahala. A 2011 Wales ta gangara har ta 117 a jadawalin FIFA. Tun Kofin Duniya na 1958, inda Pele yana ɗan shekara 17 ya fitar da su a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, ba su sake zuwa babbar gasa ba. Da ƙofar ta buɗe a gasar Turai ta 2016, Ricketts ya riga ya fita daga tawagar. Wannan yana taɓa ni duk lokacin da na tuna, domin ya ɗauki kayan shekara tara, aka sauke ana dab da isa. Amma dubi waɗanda suka tsaya a bayan a Faransa. Kyaftin Ashley Williams, West Brom ta sallame shi yana yaro, ya yi wasa a Hednesford Town yana haɗawa da aikin yini, ya bi ta Stockport kafin Swansea, kuma shi ya farke ƙwallon Beljiyam a daren da Wales ta ci 3-1 ta kai wasan kusa da ƙarshe. Chris Gunter ya bi ta Cardiff, Tottenham, Nottingham Forest, Reading, Charlton da AFC Wimbledon, mafi yawan rayuwarsa a wajen Firimiya, amma shi ne namiji na farko da ya buga wa Wales wasa 100, ya tsaya a 109. Bayan Wales kusan kullum da irin waɗannan ake gina shi.

Bayan rataye takalmi

Ɗan wasan da ya yi yawancin shekarunsa a ƙasa da Firimiya ba ya yin ritaya da dukiyar da za ta riƙe shi har tsufa, ga shi kuma yana da 35, rabin rayuwa na gaba. Shi ya sa da yawansu suke fara kwas ɗin koci tun suna wasa, kuma 'yan baya da kyaftin-kyaftin sun fi yawa a ciki, don sun saba kallon fili gaba ɗaya daga baya suna tsara mutane. Yawon ma yana zama jari a nan: wanda ya zauna ƙarƙashin Jackett, Brown, Megson da Coyle na Bolton, da kuma Mowbray ya ga hanyoyi biyar na tafiyar da ɗaki, ya kuma san kowane mataki na tsanin da ƙafarsa.

Ricketts ya karɓi Wrexham a Mayun 2018, tana mataki na biyar a lokacin, tun kafin 'yan fim ɗin Amurka su saye ta. Ya fara da kyau, ƙungiyar tana cikin na gaba-gaba, sai Shrewsbury Town ta League One ta neme shi a Disamban shekarar ya tafi. Magoya bayan Wrexham ba su ji daɗin wannan ba ko kaɗan, kuma ina ganin suna da hujja, domin wata bakwai bai isa a ce an gama aiki ba. A Shrewsbury ya samu darensa a Janairun 2020, lokacin da suka farke ƙwallo biyu suka yi 2-2 da Liverpool a Kofin FA. A Nuwamban shekarar, bayan jerin wasanni ba nasara, aka sallame shi yana da shekara 39. Aikin koci a waɗannan rukunai ya fi na ɗan wasa gajeren zama, don shi ba a jiran watan Mayu kafin a fitar da sunansa.